Me Ya Haɗa Rawar Hannu Da Zanen Agogo? Gwajin Ƙwaƙwalwa Ga Masu Cutar Parkinson

Mai cutar Parkinson idan ya je ganin likita a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, ko a Korle Bu da ke Accra, abin da ya sa a ransa shi ne a duba rawar hannu da nauyin ƙafa, a ƙara magani ko a rage. To amma akwai ranar da za a miƙa masa takarda da biro a ce ya zana agogo, ya riƙe kalmomi biyar a ka, ya dinga cire bakwai-bakwai daga ɗari. Ɗan da ya rako shi daga Aboabo ko Asawase sai ya koma gida da tambaya a ciki: shin likita ya fara zargin Baba ya taɓu ne? Idan kuma aka ce ya ci maki 19 cikin 30, nan da nan maganar ta zaga gida, har wasu su fara shawarar a karɓe masa wayar kuɗi da makullin shago.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan gwaji cikin ma'aunin kyakkyawar kulawa, inda ta ce a duba tunanin duk mai Parkinson aƙalla sau ɗaya a shekara. Ke nan yin gwajin ba ya nufin likita ya ga wani abu. Sai dai takardun da aka fi amfani da su an tsara su ne a Amurka da Kanada, don mutanen da suka yi boko. Amfaninsu ga dattijon zango ya rataya a kan abu uku: yadda aka yi gwajin, da wa aka kwatanta shi, da matakin da aka ɗauka bayan an ga makin.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Tantancewa daban, tabbatar da cuta daban. Tantancewa gajeren gwaji ne na minti 10 zuwa 15 wanda likita ko nas za ta iya yi, kuma iyakar aikinsa shi ne ware waɗanda ya kamata a zurfafa bincike a kansu. Tabbatarwa kuwa tana buƙatar tarihin ciwon, bayanin wanda ke zaune da mara lafiya, duba magunguna, gwajin jini, wani lokaci har da hoton ƙwaƙwalwa.

Raunin tunani mai sauƙi shi ne matakin da gwaji ya nuna an samu koma-baya, mutumin ko iyalinsa ma sun lura, amma har yanzu yana tafiyar da harkokinsa da kansa. Ƙungiyar masana cututtukan motsin jiki ta duniya ta fitar da sharuɗɗansa a 2012, ta kasa binciken mataki biyu. Na farko shi ne gajeren gwajin. Na biyu cikakke ne, ana yin gwaji bibbiyu a fannoni biyar: mai da hankali, tsara aiki, harshe, tuna abu, da gane siffa da tazara da ido.

Matakin da ya fi wannan nauyi likitoci na kiransa dimenshiya, a gida kuma an fi saninsa da gigin tsufa. Sharuɗɗan da wannan ƙungiyar ta fitar a 2007 sun ce sai raunin ya taɓa fanni fiye da ɗaya, kuma ya hana mutum ayyukan yau da kullum ba don rawar jiki ko taurin gaɓoɓi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Hajiyar da ta daina dafa waakye saboda hannu ba ya riƙe ludayi matsalar motsi gare ta. Wadda ta tsaya gaban tukunya ta rasa ko wake ake fara sa wa ko shinkafa, bayan shekara talatin tana sana'ar, tata matsalar ta tunani ce.

Sai ruɗewar farat ɗaya, wadda ke zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, galibi saboda zazzaɓi, cutar mafitsara ko sabon magani. Wannan ba ta jiran gwajin shekara, kuma yawanci tana warwarewa idan an magance sanadinta.

Akwai kuma ƙa'idar shekara guda. Idan gigin ya riga matsalar motsi zuwa, ko ya bayyana cikin shekarar farko, likitoci sukan kira shi dimenshiya mai ƙwayoyin Lewy (dunƙulen gurɓataccen furotin a ƙwaƙwalwa) maimakon ta Parkinson. Cututtukan biyu 'yan gida ɗaya ne, kulawarsu ma kusan ɗaya ce.

Yadda ciwon motsi ke kai wa ga tunani

Lokacin da James Parkinson ya bayyana cutar a Landan a 1817, ya rubuta cewa hankalin masu ita ba ya taɓuwa. An daɗe a kan wannan fahimta kafin bincike ya rushe ta. Sinadarin dofamin da ke ƙaranci a ƙwaƙwalwar mai cutar ba motsi kaɗai yake tafiyarwa ba, yana da hannu a aikin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda ake tsara abu da sauya dabara. Bayan haka gurɓataccen furotin da ke dunƙulewa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira ƙwayoyin Lewy, yakan bazu a hankali zuwa sassan tunani. Wani sinadarin kuma, asetilkolin, wanda mai da hankali da tuna abu suka dogara a kansa, shi ma yana raguwa. A riƙe sunan wannan sinadari, domin batun magani zai dawo da mu kansa.

Saboda haka raunin ba ya kama da na cutar mantuwa ta Alzheimer a farkonsa. Mai Alzheimer kamar shago ne da kayan ba su shiga sito ba tun farko, ko an tuna masa ba zai samo su ba. Mai Parkinson kuwa kayan na cikin sito, ɗauko su ne ke ɗaukar lokaci, kuma da an ɗan yi masa nuni sai ya ce, "Yauwa, na tuna." Abin da ke fara bayyana shi ne jinkirin tunani, kasa haɗa aiki biyu lokaci guda, ɓacewar zaren hira idan mutane sun yi yawa, da kuskuren auna tazara wajen taka matakala ko ajiye kofi a kan tebur. Iyalin da ke jiran ranar da Baba zai manta sunan jikansa kafin su damu, za su iya shafe shekaru ba su ga abin da ke gabansu ba.

Yawan abin fa? Kusan ɗaya cikin huɗu na masu Parkinson da ba su kai ga dimenshiya ba suna da raunin mai sauƙi, wasu tun ranar da aka gano cutar. Wani dogon bincike da aka yi a Sidni ta Ostireliya, wanda aka wallafa a 2008, ya samu dimenshiya a kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 20 da cutar. Binciken Jami'ar Pensilbeniya na 2024 ya nuna abin ya fi haka jinkiri: kimanin kashi 27 a shekara 10, rabi a shekara 15, kashi 74 a shekara 20. Duka alƙaluman daga ƙasashen Turawa suke. Abin da za a ɗauka daga cikinsu shi ne haɗarin na ƙaruwa da daɗewar cuta, amma mutane da yawa sukan yi shekara goma ko fiye da tunaninsu garau.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne wanda cutar ta kama da tsufa, wanda matsalarsa ta fi ƙarfi a tafiya da faɗuwa maimakon rawar hannu, mai gane-gane, mai naushi da ihu cikin mafarki, da wanda jininsa ke sauka idan ya miƙe tsaye. A Ghana sai a ƙara da hawan jini da ciwon sukari, domin toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa na ƙara wa raunin nauyi.

Abin da ke cikin takardar

Gwaji biyu ne suka fi yawo a asibitoci. Tsohon shi ne MMSE na 1975, mai maki 30. Ya fi karkata ga sanin rana da wuri da tuna kalmomi uku, kusan ba ya taɓa fannin tsara aiki, don haka mai Parkinson na iya cin 28 alhali raunin ya riga ya fara. Na biyu shi ne MoCA, wanda likita Ziad Nasreddine ya tsara a Montiriyal aka wallafa a 2005, shi ma maki 30. A 2018 kwamitin masana cututtukan motsin jiki ya sa shi cikin gwaje-gwaje uku da ya amince da su ga masu Parkinson, bai sa MMSE a wannan sahu ba.

A MoCA maki 5 na zane ne: haɗa lambobi da haruffa bi da bi, kwafar zanen akwati, da agogo mai nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Agogon kaɗai maki 3 ne, ɗaya na da'ira, ɗaya na lambobi, ɗaya na hannuwa. Yana da wayo, domin mai raunin tsara aiki yakan kai dogon hannun kan lamba 10 maimakon 2. Maki 3 na faɗin sunan zaki, karkanda da raƙumi. Maki 6 na mai da hankali, ciki har da lissafin 93, 86, 79, 72, 65. Maki 3 na harshe, 2 na faɗin abin da ya haɗa abubuwa biyu, 5 na tuna kalmomi biyar bayan kamar minti biyar, 6 na sanin kwanan wata, wata, shekara, rana, wuri da gari. Maki 26 zuwa sama shi ne lafiya a asalin tsarin, kuma ana ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. A binciken masu Parkinson, ƙasa da 21 ya fi nuni ga dimenshiya.

Inda takardar ke tuntuɓe a zango

Nan ne gizo ke saƙar. Maki ɗaya da ake ƙarawa ba ya cike tazarar da ke tsakanin wanda ya gama sakandare da wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Ɗauki malamin makarantar allo a Sabon Zango, mahaddacin Alƙur'ani, mai rubutu da ajami daga dama zuwa hagu. An ce ya haɗa 1 da A, 2 da B. Bai saba da jerin haruffan Turanci ba, maki ya tafi. An ce ya kawo kalmomi 11 masu farawa da harafin F cikin minti ɗaya, wani makin ya tafi. Cikin kalmomi biyar na takardar Turanci akwai sunan wani yadi da na wani furen Turai da bai taɓa gani ba. Karkanda ma ba dabbar da ya sani ba ce. Ya san yau Talata ce, ya san saura kwana nawa azumi, amma kwanan watan Turawa ba shi yake bi ba. Kafin a taɓa ainihin tunaninsa ya yi asarar maki shida ko bakwai.

Lissafin ma haka. 'Yar kasuwar Kejetia da za ta ba ka canjin sidi 100 ba tare da ta ɗaga kai ba tana iya daskarewa idan aka ce ta cire bakwai daga ɗari a iska, ba kuɗi ba kaya. Dattawa da yawa kuma har yau da tsohon sidi suke ƙirga, na kafin canjin kuɗi na 2007, inda miliyan ɗaya ke nufin sidi 100 na yanzu. Matashin ma'aikacin lafiya da bai san wannan ba zai iya rubuta cewa tsohuwa ta rikice.

Sai batun harshe. Mara lafiya Hausa yake ji, nas Twi da Turanci take ji, ɗansa ne ke fassara. Ɗa kuwa ba ya son ganin mahaifinsa ya kunyata, sai ya maimaita tambaya sau uku, ya sauƙaƙa ta, ko ya saka amsar cikin fassarar. Makin da aka samu ta haka ya haura gaskiya. Idan kuma an yi gwajin da Twi ɗin kasuwa wanda dattijon ke ji sama-sama, makin ya faɗi ƙasa da gaskiya. Mafi alheri shi ne ma'aikacin lafiya mai jin Hausa ya yi tambayoyin, ɗan ya zauna a baya ya yi shiru.

Cutar da kanta tana ɓata maki. Rawar hannu da ƙanƙancewar rubutu na lalata zane, muryar da ta yi ƙasa na sa mai gwaji ya ji ba daidai ba, tambayoyin da ake ƙayyade wa lokaci kuma suna cutar da mai jinkirin magana. Wanda ya baro Tafo tun asuba, ya yi awa huɗu a layi, ƙarfin levodopa, babban maganin cutar, ya sake shi, ga yunwa, ba shi ne mutumin da ke zaune a gida da hantsi ba. Ƙa'ida ita ce a yi gwajin lokacin da magani ke aiki, kamar awa ɗaya bayan sha, da tabarau a ido, a ɗaki marar hayaniya.

Akwai gwaje-gwajen da aka tsara don waɗanda ba su yi boko ba. IDEA an samar da shi ne a gundumar Hai ta Tanzaniya, aka kuma gwada ingancinsa a Najeriya. Tambayoyinsa shida ne, maki 15: mece ce gada, wane ne shugaban garinku ko unguwarku, yau wace rana ce, dabbobi nawa za ka lissafa cikin minti ɗaya, tuna kalmomi goma, da jera tsinken ashana huɗu su yi siffar manjagara. Maki 7 zuwa ƙasa na nuna akwai matsala. RUDAS na Ostireliya, na 2004, yana tambayar kayan cefane huɗu da yadda mutum zai tsallaka titi mai cunkoso. MoCA ma tana da sigar marasa karatu. Raunin waɗannan shi ne ba don Parkinson aka gina su ba. Sun fi kama dimenshiyar da ta bayyana, raunin farko na iya zille musu, kuma sashen RUDAS na juya hannu tsakanin dunƙulewa da buɗewa yana wahalar da mai taurin gaɓoɓi.

Saboda duk wannan, makin da ya fi amfani shi ne wanda aka kwatanta da na mutumin kansa. Dattijon da ya ci 19 bara ya kuma ci 19 bana, kuma harkokinsa na tafiya, ya fi kwanciyar hankali a kan tsohon malamin sakandare da ya sauko daga 28 zuwa 24. Ana so a yi gwajin farko da wuri, da an gano cutar, da takarda iri ɗaya da harshe ɗaya kowace shekara, a rubuta sunan gwajin da makin a katin asibiti. Bayanin na kusa da shi kuma nauyinsa ɗaya da na takardar. Tambaya mai sauƙi da masana suka sa cikin sharuɗɗan 2007 ita ce mara lafiya ya bayyana magungunansa da bakinsa: wanne, guda nawa, ƙarfe nawa. Wanda a da yake iyawa yanzu ya kasa, an samu alama.

A yi wa kowa, ko sai an ga alama?

Masu goyon bayan gwajin shekara-shekara suna cewa mai raunin sau da yawa ba ya ganin rauninsa, iyali kuma suna ɗora komai a kan tsufa. Suna ƙarawa da cewa sakamakon na sauya zaɓin magani, kuma ana buƙatarsa kafin tiyatar dasa na'ura a ƙwaƙwalwa, wadda ba a yi wa mai dimenshiya.

Masu ɗari-ɗari suna da hujjoji masu ƙarfi su ma. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana hana raunin mai sauƙi zama dimenshiya. Wasu da aka ce suna da raunin sukan koma daidai a gwaji na gaba. A inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi kaɗan, mafi yawansu kuma a Accra da Kumasi, minti 15 ga kowane mara lafiya ba ƙaramin abu ba ne, masu yin cikakken gwajin mataki na biyu ma sun fi ƙaranci. Ga kuma tabon da kalmar ke bari a unguwa, inda tsohuwar da ta fara surutai ko gane-gane za a iya jifanta da maita. Sukan kawo matsayin kwamitin rigakafi na Amurka, wanda a 2020 ya ce babu isasshiyar hujjar a riƙa tantance duk tsofaffi marasa alama.

Sai dai wancan matsayi a kan jama'a gaba ɗaya yake, ba a kan masu Parkinson ba, waɗanda haɗarinsu ya ninka na sauran tsofaffi. Hujjar rashin magani kuma tana raunana idan aka duba cewa wani kaso na raunin da ake gani a nan daga abubuwan da ake iya gyarawa yake fitowa. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne gwajin da ba a bi shi da komai ba ɓata lokaci ne, wanda aka yi da harshen da mutum ba ya ji kuma cutarwa ne.

Bayan an ga maki ya yi ƙasa

Matakin farko shi ne a zazzage jakar magani a kan tebur, har da na shagon magani da na gargajiya. Wanda ake fara nema shi ne benzhexol, wanda aka fi sani da Artane, ƙwaya mai miligiram 2 ko 5. Yana rage rawar hannu, yana da arha ƙwarai a kan levodopa, shi ya sa ya yaɗu a ƙasashenmu. Amma aikinsa shi ne toshe asetilkolin, sinadarin da ya riga ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar mai cutar. Ga wanda ya haura shekara 65 yakan kawo mantuwa, ruɗewa, gane-gane, taurin bayan gida da riƙewar fitsari. Amitriptyline, oxybutynin na fitsari, Piriton da Phenergan duk suna da irin wannan tasiri, diazepam da tramadol kuma suna dusashe tunani ta wata hanyar. Likita ne zai rage su a hankali cikin makonni. Yanke Artane rana ɗaya na tayar da rawar jiki da ruɗewa, yanke levodopa rana ɗaya kuwa na iya kai mutum gadon asibiti da zazzaɓi da sandarewar jiki.

Daga nan sai a auna hawan jini a kwance bayan hutun minti 5, a sake aunawa a minti 1 da minti 3 bayan miƙewa. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa na raguwa a tsaye, kuma wataƙila maganin hawan jini ne ya yi yawa. A duba ciwon damuwa, domin yana da yawa a Parkinson kuma yana kwaikwayon mantuwa. A duba ji da gani da barci. A jini ana neman ƙarancin jini, sukari, aikin ƙoda, bitamin B12 da tayirod. Wanda ya faɗi ya bugi kai cikin makonnin baya sannan tunaninsa ya sauya yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, saboda jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai.

Idan an kawar da waɗannan aka tabbatar dimenshiya ce, maganin da ya fi hujja shi ne rivastigmine. Gwajin da aka wallafa a 2004 a kan mutum 541 ya nuna yana kawo sauƙi matsakaici, ba warkewa ba. Ana farawa da miligiram 1.5 sau biyu a rana tare da abinci, ko filastar fata mai miligiram 4.6, a ƙara a hankali. Yana iya kawo tashin zuciya, amai, ƙarin rawar hannu da saukar bugun zuciya. Donepezil shi ne madadinsa. Iyali su tambayi kuɗinsa na wata-wata da ko katin inshorar lafiya ya ɗauke shi kafin a fara, domin maganin da za a sha wata ɗaya a bari bai taimaki kowa ba. Motsa jiki, kamar tafiyar minti 30 kwana biyar a mako tare da mai rakiya, yana cikin abin da ake ba da shawara a kowane mataki.

Abin da zai sauya a gida

Kuɗi ne wuri na farko da raunin tsara aiki ke yin ɓarna. Masu damfarar MoMo, wato kuɗin waya, da ke kira suna cewa sun turo kuɗi bisa kuskure sun fi samun galaba a kan mai jinkirin tunani. Gyaran da ya dace da mataki mai sauƙi shi ne a rage kuɗin da ke zama a wayar, a yi yarjejeniya cewa ba ya tura komai sai ya kira mutum ɗaya da ya zaɓa da kansa. Karɓe komai a rana ɗaya na karya zuciyar dattijo, yana kuma haddasa rigima tsakanin 'ya'ya. Maki kaɗai ba ya cire wa mutum ikon yanke shawara a kan dukiyarsa. Amma yana nuna lokaci ya yi da za a rubuta bashi da adashi, a fayyace takardun gida, a yi wasiyya gaban shaidu tun hankali na cikakke, domin Dokar Wasiyya ta Ghana ta 1971 da shari'ar Musulunci duk sun sharɗanta hakan.

Magani shi ne na biyu. Levodopa sau uku ko huɗu ake sha a rana, kuma mai mantuwa yakan tsallake ko ya ninka. Akwatin ƙwayoyi na mako, ƙararrawar waya, ko ɗaura shan magani da lokutan sallah suna rage wannan, muddin likita ya amince da tazarar. Direban trotro ko pragya, da makanikin Suame Magazine mai aiki da injin yanka, su ne ya kamata a yi wa maganar aiki da wuri, saboda raunin auna tazara da jinkirin yanke shawara sun fi rawar hannu haɗari a kan titi.

A ibada, rafkanuwa a sallah kowa na yi. Abin lura shi ne sabon abu: mai shekara sittin yana alwala ya fara rikita jerinta, ko ya kasa kawo surar da yake karantawa kullum. Limamin unguwa da abokan sahu sukan riga 'ya'ya ganin wannan. Gane-gane kuma, kamar ganin yara ko baƙi zaune a ɗaki da magariba, alama ce sananniya ta cutar da magungunanta. Addu'a da ruƙya ba sa hana a gaya wa likita, kuma gaya masan ya zama dole saboda wani dalili: idan aka kai mara lafiya wani wurin da ba a san yana da Parkinson ba, aka yi masa allurar haloperidol ko Largactil don ya natsu, jikinsa na iya sandarewa har ya kasa haɗiya. Metoclopramide na amai ma haka yake.

Ranar gwaji, wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiya shi ya fi cancanta ya raka shi, ba babban ɗan da ke zuwa ranar Juma'a kaɗai ba. A zo da duk magunguna a kwalayensu, da tabarau, da ɗan abin ci, da ƙwayar levodopa ta gaba. A rubuto misalai biyu ko uku na abin da ya sauya da lokacin da ya fara. Mai gwaji kuma ya fara da kwantar da hankali, misali ya ce, "Baba Alhaji, duk mai wannan lalura muna yi masa waɗannan tambayoyi sau ɗaya a shekara. Wasu za su yi sauƙi, wasu da wuya, ba wanda ke cinye su duka." Idan kuwa dattijon da yake lafiya shekaranjiya ya wayi gari bai san inda yake ba, ko barci ya rinjaye shi da rana tsaka, ko ya daina fitsari, a kai shi sashen gaggawa a ranar, a kuma faɗa wa nas tun a bakin ƙofa cewa yana da Parkinson da ƙarfe nawa ya sha maganinsa na ƙarshe.